Littattafan Warhammer da BattleTech: da wane ma'auni masu wasan suke auna su?

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna a kanta cikin natsuwa, domin takan taso jefi-jefi a tsakaninmu amma ba mu taɓa tsayawa mun bi ta daki-daki ba. Ina nufin ƙagaggun labaran da ake rubutawa a kan wasannin yaƙi na kan tebur, waɗanda ake yi da 'yan ƙananan sojojin roba ko na ƙarfe da mutum yake haɗawa da gam, ya yi musu fenti da hannunsa, sannan ya jera su su kara da na abokin wasansa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila. Wasan ya fito a 1987, kuma a 1997 kamfanin ya buɗe sashen buga littattafai mai suna Black Library, wanda har yau yake fitar da labaran.

Ni makaranci ne kawai, ba na wasan. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne, sau da yawa littafin da na karanta na gamsu da shi sai in tarar masu wasan suna sukarsa da zafi, wani kuma da na ga tsaka-tsaki ne sai in ji suna ɗaga shi sama. Ina so waɗanda suka san wasan daga ciki su faɗa mini da wane ma'auni suke auna waɗannan littattafai, domin a bayyane yake cewa ba irin nawa ba ne.

Injiniya Auwal:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayarka tana kan teburin fenti, ba a cikin littafin ba. Mutumin da ya zaɓi runduna ɗaya a wasan nan yakan shafe watanni yana aikinta. Zai yanke kowane soja daga jikin firam ɗin roba, ya kankare layin da injin ƙera ya bari a gefensa, ya manna hannu da bindiga, sannan ya zauna ƙarƙashin fitila da buroshi mai baki kamar allura yana ƙoƙarin sa ɗigon ja a cikin idon hular ƙarfen da ba ta kai girman ƙwayar wake ba. Sojan Space Marine ɗaya, wato jaruman wasan masu sulke, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma tambarin da ke kafaɗarsa kaɗai yana iya cinye wa mutum maraice guda. Wanda ya yi wa soja hamsin ko sittin wannan hidima, idan ya buɗe littafin da rundunarsa take ciki, ba ya karantawa a matsayin baƙo. Yana karantawa ne a matsayin mai haƙƙi, kuma tambayarsa ta farko ita ce yadda aka yi da mutanensa.

Bari in ba da misali. A littafin Fulgrim na Graham McNeill, wanda ya fito a 2007, an nuna yadda Fulgrim ya kashe ɗan uwansa Ferrus Manus, shugaban rundunar Iron Hands, a yaƙin Isstvan V. Wanda ba ya wasa zai ga labarin cin amana ne mai taɓa zuciya. Masu rundunar Iron Hands kuwa sun daɗe suna ƙorafin cewa an nuna shugabansu a matsayin mai saurin fushi da ya ruga cikin tarko da ƙafarsa, aka kuma kawar da shi tun labarin bai yi nisa ba, alhali sauran shugabanni an ba su littattafai masu yawa suna ta bayyana kansu. Littafi ɗaya ne, amma hukunci biyu aka yanke masa, kuma kowane ɓangare da gaskiyarsa.

Anti Rabi:
Injiniya, na yarda da abin da ka faɗa a kan masu runduna, sai dai ina ganin ka taƙaita su fiye da kima. Idan da gaske son runduna ne kawai ma'auninsu, da littattafan da suka fi karɓuwa su ne waɗanda ake cin nasara a cikinsu daga farko har ƙarshe. Abin da muke gani ya saɓa wa haka. Ka tambayi duk wanda ya daɗe a harkar nan da wane littafi sabon shiga zai fara, da wuya bai ambaci labarin Eisenhorn na Dan Abnett ba, wato Xenos da Malleus na 2001 da Hereticus na 2002. Babu jerin gwanon runduna a ciki. Labarin mai bincike ne da yake ba da tarihinsa da bakinsa, wanda ya fara a matsayin mai tsattsauran ra'ayi wajen bin doka, sannan a hankali, da dalilin da kowane lokaci yake gani mai kyau ne, ya koma amfani da irin abubuwan da yake farautar wasu a kansu.

Wani abin lura shi ne, shi kansa Eisenhorn an fito da shi ne tare da wani wasa mai suna Inquisitor a 2001, wanda sojojinsa suka fi na Warhammer 40,000 girma. Wasan ya daɗe da barin kantuna, littafin kuwa har yanzu ana sake buga shi ana saye. Da masu wasan ba su san rubutu mai kyau ba, da littafin ya bi wasan sun tafi tare.

Haka jerin Gaunt's Ghosts, wanda ya fara da First and Only a 1999. Sojojin Tanith, taurarin jerin, mutane ne kamar ni da kai, duniyarsu ta hallaka, ba su da gidan komawa, kuma marubucin ba ya jin nauyin kashe wanda makaranci ya fi so a cikinsu. Masoya ba su guje shi saboda haka ba, sai ma suka ƙara riƙe shi.

Injiniya Auwal:
Anti, misalan da kika kawo suna ƙarfafa maganata ne ta wata fuska. Eisenhorn da sojojin Tanith ba rundunar kowa ba ne a lokacin da aka ƙirƙiro su. Marubucin ya je gefen da babu wanda ya kashe kuɗinsa da lokacinsa a kai, ya gina abinsa, don haka babu mai haƙƙin da zai tare shi. Daga baya ne aka ƙera wa na Tanith sojojin roba saboda farin jinin littattafan. Rikici yana tasowa ne a inda marubuci ya shiga gonar da wani ya riga ya nome.

Akwai kuma matsala ta biyu da sai wanda ya tsaya a bakin tebur zai ji ta sosai. A cikin littafi, Space Marine ɗaya yana iya tsayawa a bakin ƙofa ya tare ɗaruruwan abokan gaba. A kan tebur kuwa, ka auna nisa da tef ɗinka, abokin wasanka ya harbo da ƙaramar bindigar sojan gama-gari, ka jefa ƙwayar lido don sulkensa ya kare shi, ta faɗo a kan ɗaya, sai ka miƙa hannu ka ɗauke shi ka mayar cikin akwati. Dole wasa ya daidaita ɓangarori biyu, labari kuma ba ya buƙatar wannan daidaito. Wasu masoya suna jin haushin littattafan saboda sun zuzuta jarumai, wasu kuma suna jin haushin dokokin wasan saboda sun ƙasƙantar da su.

Nura:
Ina neman izinin manya in sa baki. Yaya Auwal yana magana kamar duk masu karanta littattafan nan suna da runduna, amma a cikin tsararrakina da yawa ba su taɓa riƙe sojan roba ba. Wasu sun shigo ne ta wasannin kwamfuta kamar Dawn of War na 2004 ko Space Marine 2 na 2024, wasu kuma ta bidiyoyin YouTube masu bayanin tarihin duniyar wasan. Musamman mu da muke nesa da kantunan da ake sayar da kayan, littafin da ake saukewa a waya ko wanda ake saurare da kunne ya fi mana sauƙin samu nesa ba kusa ba.

Abin da na lura da shi a wurin irin waɗannan masoya shi ne, suna ɗaukar littafi kamar kundin hujja. Za a yanko sakin layi biyu a liƙa, a ce ga dalilin cewa wane ya fi wane ƙarfi, ko wane ne ya fara cin amana. Da yawa ba su karanta littafin gaba ɗaya ba, amma sun riga sun yanke masa hukunci daga abin da aka yanko. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yawancin labaran ana ba da su ne ta idon wani mutum da ke cikin labarin, wanda yana iya yin kuskure ko ƙarya, kuma idan aka raba maganarsa da abin da ya kewaye ta sai ta zama kamar hukuncin marubuci.

Baban Ummi:
Nura ya faɗi gaskiya. Amma kafin mu nutse cikin Warhammer kaɗai, ina so in kawo BattleTech, domin a can dangantakar littafi da wasa ta sha bamban, kuma bambancin zai taimaka wa Malam Sabi'u.

Kamfanin FASA na birnin Chicago a Amurka ne ya fitar da wasan a 1984, da farko da sunan Battledroids. Ana yin sa da manyan injinan yaƙi masu tafiya da ƙafa biyu, a kan taswira mai gidaje masu kusurwa shida, kowane inji da takardarsa da ake soke sulkensa da fensir idan an harbe shi, ana kuma lissafa zafin da yake tarawa. Littafin Decision at Thunder Rift na William H. Keith ya fito a 1986, daga baya Michael Stackpole ya zama babban marubucinsu. Abin da ya bambanta BattleTech shi ne, littattafan ne suke tura tarihi gaba. Sarakuna suna aure, suna mutuwa, iyakoki suna sauyawa, kuma abin da ya faru a labari yana sauka a kan tebur. Lokacin da Stackpole ya fara jerin Blood of Kerensky a 1989, inda zuriyar sojojin da suka yi hijira tun da daɗewa suka dawo da mamaya da sunan Clans, sai injinansu suka shigo wasan da makaman da suka fi na kowa nisa da ƙarfi. Wasu 'yan wasa sun yi murna, wasu kuma har yau ba sa yarda su yi wasa sai a zamanin 3025, kafin mamayar, lokacin da injina tsofaffi ne da ake gada daga uba zuwa ɗa ana faci.

Masu BattleTech ma suna kama marubuci da dokokin wasa. Sun daɗe suna muhawara a kan yadda injina suke fashewa da ƙara a littattafan Stackpole idan an huda tukunyar wutarsu, alhali ainihin dokokin wasan ba su tanadi haka ba. Littafin Far Country na 1993 kuwa, da ya kawo wasu halittu masu hankali masu kama da tsuntsaye, ya sha suka domin duniyar BattleTech an gina ta ne a kan cewa ɗan Adam ne kaɗai abokin gaban ɗan Adam. Sannan da FASA ta rufe a 2001, WizKids ta fito da Dark Age a 2002 ta tsallake da tarihi zuwa shekarun 3130, masoya da dama suka ji an bar su a baya da jaruman da suka saba da su.

Malam Sabi'u:
Na gode, Baban Ummi, wannan ya buɗe mini ido. Ke nan a BattleTech ƙorafin shi ne tarihi yana gudu, a Warhammer 40,000 kuma an daɗe ana ƙorafin cewa yana tsaye a ƙarshen ƙarni ɗaya ba ya motsi. To ina so mu zo kan Horus Heresy, jerin littattafan da ke ba da labarin tawayen da Horus ya yi wa mahaifinsa Sarkin Daular 'yan Adam, domin a nan ne na fi ganin saɓani tsakanina da masu wasan. Na karanta ukun farko, Horus Rising na Abnett da False Gods na McNeill da Galaxy in Flames na Ben Counter, duka na 2006, kuma na ga labari ne mai tsari da ya san inda ya dosa. Me ya faru daga baya da ya sa ake ta gunaguni?

Zainab:
Malam, abin da ya faru shi ne labarin ya yi kasuwa, kasuwar kuma ta hana shi ƙarewa. A 2010 littafin A Thousand Sons ya shiga jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times, abin da ba a saba gani ba ga labarin da aka gina a kan wasan tebur. Jerin ya ci gaba har ya kai littafi 54 a 2019, kuma duk tsawon wannan lokaci Horus bai iso duniyar Terra, mazaunin Sarkin, ba, inda kowa ya san a can za a yi karon ƙarshe. Sai a 2019 aka buɗe sabon jeri mai suna Siege of Terra, wanda littafinsa na takwas, The End and the Death, ya kasu mujalladi uku da suka fito tsakanin 2023 da 2024. Shekara goma sha takwas ke nan daga farko zuwa ƙarshe. Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa da ake rabawa na ɗaya da na biyu da na uku, a tsaya a daidai inda zuciya ta rataya, ya san irin wannan jira, sai dai nasu ya ninka namu sau da yawa.

Gunagunin ya fara da wuri. Littafi na shida, Descent of Angels, ya bar yaƙin da ake ciki ya koma baya can zuwa duniyar Caliban, masu karatu da yawa suka ji an yanke musu hanzari. Na takwas, Battle for the Abyss, yana cikin waɗanda aka fi cewa sabon makaranci yana iya tsallakewa. Daga baya kuma labarin ya warwatsu cikin gajerun labarai da wasannin kwaikwayo na saurare da bugu na musamman masu ƙayyadadden adadi, waɗanda sukan ƙare cikin ɗan lokaci sannan a gan su a hannun 'yan kasuwa da tsada. Shi ya sa masoya da kansu suka zauna suka zana taswirorin karatu masu nuna wane littafi ne ke bin wane, domin lambar da ke bayan littafi ta daina isa jagora.

Amma ni abin da ya fi damuna ba tsawon ba ne. Asalin labarin Horus ɗan gajeren tarihi ne da ake ambata a matsayin abin da ya faru shekaru dubu goma kafin zamanin wasan, kuma ya samu gindin zama ne da wasan Adeptus Titanicus na 1988, wanda ɓangarorinsa biyu suke da injina iri ɗaya, launi kawai ya raba su, don haka yaƙin basasa ya dace da shi. Ƙarfin wannan tarihi yana cikin duhunsa. Mutanen zamanin wasan suna bauta wa abin da ba su fahimta ba, suna ba da labarin kakanninsu a karkace. Da aka buɗe komai, aka sa Sarkin Daular da 'ya'yansa suna magana shafi bayan shafi, sai abin da yake kamar tsohuwar almara ya koma rigimar gida tsakanin uba da 'ya'yansa.

Injiniya Auwal:
Ƙanwata Zainab, a nan ba mu haɗu ba. Wannan rigimar gida da kike rainawa ita ce ta sa rundunonin da a da ba su da komai sai launi da suna suka zama masu rai. Kafin The First Heretic na Aaron Dembski-Bowden a 2010, mutane nawa ne suka damu da dalilin da ya sa Lorgar, ɗaya daga cikin 'ya'yan Sarkin, ya juya baya? Littafin ya nuna mutumin da aka wulaƙanta a gaban rundunarsa saboda ya yi ibadar da aka hana, aka rushe birnin da ya fi ƙauna, ya fita neman abin da ya cancanci a bauta masa. Haka A Thousand Sons da Prospero Burns suka ba da labarin ƙone duniya ɗaya daga ɓangarori biyu, kuma har yau masoya suna jayayya a kan ko Magnus, ɗan Sarkin da aka ƙone duniyarsa, shi ne mai laifi ko zaluntarsa aka yi. Muhawarar da ta rayu fiye da shekara goma ba alamar gazawar littafi ba ce.

Ki kuma duba abin da littattafan suka haifar. A 2012 aka fitar da wasan tebur na zamanin Horus Heresy kansa, aka biyo da akwatin roba na Betrayal at Calth a 2015, da Age of Darkness a 2022. A nan labari ne ya haifi wasa. Da yawa daga cikinmu muna saurarar littattafan ne da abin kunne a lokacin da muke fenti, muryar mai karatu kamar Toby Longworth ko Jonathan Keeble tana tafiya, hannu yana aiki. Sau da yawa za ka ji mutum ya ce littafi kaza ne ya sa ya fara runduna kaza.

Zainab:
Yaya Auwal, ban musa cewa Lorgar da Magnus sun amfana ba. Amma Horus kansa fa? Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙorafe-ƙorafen masoya shi ne faɗuwarsa a False Gods ta yi sauri. An sare shi da makami mai guba, an nuna masa wahayi a Davin, ya tashi maƙiyin mahaifinsa. Mutumin da aka sa wa jerin sunansa shi ne wanda aka fi gaggauta juyawarsa, sannan aka ɓata littattafai da dama a kan waɗanda ba su kai shi muhimmanci ba. Game da Sarkin Daular kuwa, da The Master of Mankind ya fito a 2016 ya nuna shi yana ambaton ɗansa da lamba kamar kayan aiki, sai masoya suka rabu. Wasu suka ce yanzu an tabbatar azzalumi ne mara tausayi, wasu suka ce ai kowa a littafin yana ganin Sarkin ne gwargwadon abin da ke zuciyarsa. Ni ina tare da masu cewa da an bar shi bai yi magana ba tun farko.

Anti Rabi:
Ina so mu yi wa marubutan adalci, domin sau da yawa su ake jifa da laifin da ba nasu ba. Marubucin irin wannan littafi ba shi ne mai duniyar ba. An ɗauke shi aiki ne, an ba shi iyaka, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Misali mafi bayyana shi ne End Times na Warhammer Fantasy, wani wasan Games Workshop na daban, a 2014 da 2015. Wasan ya kasance tun 1983, mutane sun girma da labaran Gotrek da Felix da William King ya fara tattarawa a Trollslayer a 1999. Sai aka yanke shawarar hallaka duniyar gaba ɗaya a maye gurbinta da Age of Sigmar, aka ba marubuta irin su Josh Reynolds da Chris Wraight da Gav Thorpe da Guy Haley aikin rubuta littattafai biyar na ƙarshen. Sun kashe jaruman da aka shekara talatin ana ginawa, wasu a cikin layi kaɗan. Fushin ya kai har wani ɗan wasa ya banka wa rundunarsa wuta ya ɗora bidiyon a intanet. Waɗannan littattafai ba su taɓa samun damar a auna su a matsayin rubutu ba, domin duk wanda ya buɗe su yana cikin makoki ne. Rundunonin Bretonnia da Tomb Kings da aka daina ƙerawa bayan haka su ne aka fara dawo da su a 2024 cikin Warhammer: The Old World, wanda ya nuna cewa kukan bai tafi a banza ba.

Ga kuma Dark Imperium na Guy Haley, da ya fito a 2017 tare da sabon bugun wasan da sababbin sojojin Primaris. Labarin ya faru ne bayan kimanin shekara ɗari da fara wani babban yaƙi, amma a 2021 aka sake buga shi da gyara, aka mayar da tazarar shekara goma sha biyu domin ta dace da sabon tsarin tarihi. Makarancin da yake da bugun farko a kan kantarsa yana riƙe da labarin da aka riga aka sauya. Wannan ba ya faruwa da marubucin da ya mallaki labarinsa.

Nura:
Anti, amma sauyin ba kullum yake zama asara ba. A 2011 aka sake fasalin Necrons, aka mayar da su daga injina marasa magana zuwa sarakuna da fadawa masu hali da son rai, kuma a lokacin masoya da yawa sun ƙi abin, suna cewa an cire musu ban tsoro. Ba don wannan sauyi ba, da Robert Rath bai sami damar rubuta The Infinite and the Divine a 2020 ba, labarin gabar wasu manyan Necrons biyu, Trazyn da Orikan, da ta ɗauki dubban shekaru, wanda yanzu yana cikin littattafan da aka fi ba sabon shiga shawarar karantawa. Waɗanda suka shigo bayan 2011 ba su ma san an taɓa yin rigima a kai ba.

Baban Ummi:
Haka yake a BattleTech ma. Waɗanda suka fara da zamanin Clans suna ganinsa shi ne asali, kuma yaƙin Tukayyid na 3052 shi ne babban abin tunawarsu. Shekarar da mutum ya shigo tana da hannu sosai a hukuncinsa, wataƙila daidai da rundunar da ya zaɓa.

Malam Sabi'u:
Anti Rabi, maganarki a kan Dark Imperium ta tayar mini da wata tambaya. Idan ana iya gyara littafi bayan an sayar da shi, kuma kundin dokokin runduna yana iya saɓa wa labari, to wanne masoya suke ɗauka a matsayin gaskiyar abin da ya faru idan biyun suka ci karo?

Anti Rabi:
Ba su da matsaya ɗaya, Malam. Masu yanko sakin layi da Nura ya ambata sukan ce na baya-bayan nan shi ne hujja. Tsofaffin 'yan wasa kuwa sun fi karkata ga cewa duk abin da aka buga labari ne da wani ya bayar daga cikin daula mai faɗin gaske, wadda farfaganda da mantuwa suka cika ta, don haka saɓani ba aibi ba ne. Littattafan Ciaphas Cain na Sandy Mitchell, da suka fara da For the Emperor a 2003, an gina su ne a kan wannan tunani, domin tarihin jarumi ne da yake cewa shi matsoraci ne, ga kuma wata mai bincike tana gyara masa magana a ƙasan shafi. A ganina wannan fahimta ta fi dacewa da zamanin 40,000. Sai dai ba ta aiki sosai a Horus Heresy, inda aka kai makaranci cikin ɗakin da abin ya faru aka ce ga shi da idonka.

Injiniya Auwal:
A wannan na yarda da Anti, kuma ina ganin a nan ne ƙorafin Zainab yake da ƙarfi. Duk da haka, ko bayan The End and the Death ba a bayyana abin da ya sami runduna ta biyu da ta goma sha ɗaya na Space Marine ba, waɗanda aka goge sunayensu daga tarihi. Marubutan sun yi ta gittawa ta kusa da maganar a littattafai da dama ba su buɗe ta ba, kuma har yanzu akwai 'yan wasan da suke yi wa sojojinsu fentin launin da suka ƙirƙiro, suna cewa zuriyar ɗaya daga cikin biyun nan ne.

Zainab:
To ina fatan za a bar waɗannan biyun a rufe, Yaya. Malam Sabi'u, tunda ka gama ukun farko, ka karanta The Flight of the Eisenstein na James Swallow, domin shi ne ya ɗora kai tsaye daga inda Galaxy in Flames ya tsaya. Bayan shi ka wuce zuwa A Thousand Sons da Prospero Burns a jere, sannan ka dawo ka faɗa mana ɓangaren da ka ɗauka a maganar Magnus, domin ina so in ji hukuncin wanda ba shi da runduna a ɗayan ɓangarorin biyu.